Sakin da Guan Yu ya yi wa Cao Cao a hanyar Huarong: halacci ne ko cin amana?

Malam Garba:

Assalamu alaikum. Na kammala babi na 50 na littafin Sanguo Yanyi, wato labarin Dauloli Uku na ƙasar Sin wanda ake jingina wa Luo Guanzhong, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ga waɗanda ba su kai wurin ba, ga yadda abin yake. A hunturun shekarar 208 rundunar Cao Cao, wazirin da ya riƙe sarkin daular Han a hannunsa, wanda ake furta sunansa kamar Tsau Tsau, ta sha mummunan kaye a Chibi, a bakin kogin Yangtze, inda aka cinna wa jiragen ruwansa wuta a yaƙinsa da haɗin gwiwar Sun Quan da Liu Bei. Ya gudu ta wata ƙuntatacciyar hanya mai taɓo da ake kira Huarong, da mahaya ɗari uku da 'yan kai, duk a jiƙe, ga yunwa, dawakansu ko tafiya da ƙyar suke yi. A nan ya tarar Guan Yu, barden Liu Bei kuma ƙaninsa na rantsuwa, ya tare hanya da zaratan mayaƙa 500. Kafin ya fito, Guan Yu ya sa hannu a takarda a gaban Zhuge Liang, mai tsara wa Liu Bei dabarun yaƙi, cewa idan ya bar Cao Cao ya wuce, to a bakin ransa. Da suka yi ido huɗu, Cao Cao ya tuna masa alherin da ya yi masa shekara takwas da suka wuce, sai Guan Yu ya juya kan dokinsa, ya ce wa mutanensa su buɗe hanya.

Mutanen Sin da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ƙololuwar nagartar Guan Yu. Mao Zonggang, wanda shi da mahaifinsa suka gyara littafin ya koma babi 120 a ƙarni na 17, ya lissafa mutum uku da ba su da na biyu a cikinsa, Zhuge Liang a hikima, Cao Cao a makirci, Guan Yu kuma a riƙon mutunci da sakayyar alheri. Ni kuwa na karanta babin sau biyu, abin da na gani cin amana ne. Bashin da Cao Cao yake bin Guan Yu bashi ne a wuyansa shi kaɗai, amma abin da ya biya da shi ba nasa ba ne. Nasarar Chibi dubban mutane ne suka saye ta da jininsu, hanyar Huarong kuma amana ce aka ba shi ya tsare. Wanda aka ba ajiya ya ɗauka ya biya bashin kansa da ita, ko da bashin na gaskiya ne, mun san sunan da ake kiransa da shi. Ina so in ji wanda zai nuna mini inda na kuskure.

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam. Malam Garba, kafin a yanke wa mutum hukunci sai a auna nauyin abin da ke kansa, kuma ina ganin ka ambaci alherin Cao Cao a gurguje kamar ƙaramin abu ne. A shekarar 200 Cao Cao ya tarwatsa rundunar Liu Bei, ya ritsa da Guan Yu a kan wani tudu kusa da Xiapi, matan Liu Bei biyu kuma suna hannunsa. Guan Yu ya gindaya sharuɗɗa uku kafin ya ajiye makami: cewa ga sarkin Han yake miƙa wuya ba ga Cao Cao ba, cewa za a kiyaye mutuncin matan yayansa a ci gaba da ciyar da su, kuma cewa ranar da ya ji inda Liu Bei yake zai tafi komai nisa. Wane mai nasara ne yake karɓar irin wannan daga wanda ya riga ya kama? Cao Cao ya karɓa, ya ba shi gida, ya riƙa yi masa walima, ya nema masa sarauta, ya ba shi jan dokin nan da ya kasance na Lü Bu, shahararren mayaƙin da Cao Cao ya kama ya kashe. Har da Guan Yu ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa murnar da yake yi da dokin ita ce zai kai shi wurin Liu Bei cikin yini ɗaya, Cao Cao ya haɗiye bai karɓe ba.

Na san za a ce ai ya biya, tun da ya kashe Yan Liang da Wen Chou, manyan baraden Yuan Shao, abokin gabar Cao Cao, ya kuma ceci garin Baima daga ƙawanya. Shi ma Guan Yu da wannan ya fara kare kansa a Huarong. Sai dai akwai bashi na biyu da ya hau kansa bayan wancan, kuma shi ne Cao Cao ya tuna masa. Lokacin da Guan Yu ya rataye hatimin sarautarsa ya kulle zinariyar da aka ba shi ya kama hanya, Cao Cao ya hana a bi shi, ya biyo shi da kansa ya yi masa rakiya da kyautar riga, wadda Guan Yu ya karɓa da tsinin makaminsa ko saukowa daga doki bai yi ba. A hanya ya ratsa mashigai biyar ya kashe shugabannin dakarun Cao Cao shida. Duk da haka Cao Cao ya aiko manzanni, na ƙarshensu bardensa Zhang Liao, cewa a bar shi ya wuce. To wannan ran da Guan Yu yake numfashi da shi a Huarong, da dokin da yake kai, daga hannun wa suka fito? Mu Hausawa muna cewa kowa ya yi maka kan kara ka yi masa na itace, kuma muna cewa ana barin halal don kunya. Da ya sare kan mutumin da ya bar masa nasa kan, alhali mutumin yana gabansa a wulaƙance yana roƙo, da ba za mu zauna muna tattauna sunansa bayan shekara 1800 ba, da ya shiga sahun Lü Bu wanda littafin bai daina zaginsa da butulci ba.

Alhaji Isiyaku:

Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, duk abin da kika lissafa yana cikin littafin, ba na musun ko ɗaya. Amma na yi aikin soja shekaru masu yawa, kuma abin da ya fi damuna a babin shi ne abin da ya faru kafin a bar sansani. Zhuge Liang ya raba wa kowa aikinsa, ya tura Zhao Yun wuri, ya tura Zhang Fei wuri, ya bar Guan Yu da gangan. Guan Yu ne ya tashi ya nemi a ba shi aiki. Zhuge Liang ya faɗa masa dalili a fili, cewa yana tsoron zai tuna alherin Cao Cao ya sake shi. A nan ne ƙofar fita take a buɗe. Da Guan Yu ya ce gaskiya ne, hannuna ba zai iya taɓa mutumin nan ba, a tura wani, da ya tsira da halaccinsa da amanarsa duka biyun, babu wanda zai zarge shi. Sai ya bugi ƙirji ya ce ya riga ya biya, ya sa hannu a bakin ransa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya san zuciyarsa na iya karyewa a mashigi ya kuma nace sai an ba shi tsaron mashigin, laifinsa ya fara tun daga nacewar.

Sannan a duba wanda aka saki. 'Yan watanni kaɗan kafin Chibi, mahayan wannan Cao Cao ne suka afka wa Liu Bei a Changban yana tafe da talakawa sama da dubu ɗari masu gudun hijira. A cikin littafin a nan ne uwargida Mi, ɗaya daga cikin matan nan biyu da Guan Yu ya ajiye makami don ya kare, ta faɗa rijiya ta mutu. Wannan Cao Cao ne ya sa aka kashe Dong, matar sarkin Han, tana da ciki, kuma wajen shekara shida bayan Huarong ya hallaka sarauniya Fu da 'ya'yanta biyu. Guan Yu ya san ko wane ne shi, domin tun a farautar Xutian ya so ya kashe shi saboda raina sarki da ya yi, Liu Bei ya hana shi da ido. Mutumin da ya ce ga sarkin Han ya miƙa wuya, yaya zai saki wanda ya riƙe sarkin Han kamar fursuna? Ina tare da Malam Garba.

Nasiru:

Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki a gaban manya. Akwai wani abu a babi na 49 da nake ganin yana rage wa Guan Yu nauyi. Bayan ya fita, Liu Bei ya ce wa Zhuge Liang yana tsoron ƙaninsa zai saki Cao Cao, sai Zhuge Liang ya amsa cewa ya duba taurari ya ga ajalin Cao Cao bai yi ba, don haka gara a bar Guan Yu ya sauke wannan nauyin alheri. Ke nan wanda ya ba da amanar ya san ba za a riƙe ta ba, kuma shugaban rundunar ya ji ya amince. Idan mai ajiya ya ba ka kaya yana nufin ka bayar da su, za a ce ka ci amanarsa? Wasu masu karatu ma suna ƙarawa da cewa mutuwar Cao Cao a lokacin da Liu Bei ko gari ɗaya mai ƙarfi ba shi da shi za ta bar shi ne a bakin Sun Quan, don haka rayuwar Cao Cao ta fi masa amfani. Wannan fassarar masu karatu ce, littafin taurari kawai ya ambata, amma tana da ma'ana a wurina.

Malam Garba:

Nasiru, ka kawo magana mai kyau, sai dai tana wanke Zhuge Liang ne daga zargin rashin hangen nesa, ba ta wanke Guan Yu. Guan Yu bai ji wannan zancen ba, an yi shi ne bayan ya hau doki. Abin da ya sani a zuciyarsa lokacin da ya ce a buɗe hanya shi ne an umarce shi ya kama mutumin nan, ya kuma yi rantsuwa zai kama shi. Ana auna mutum da niyyarsa da abin da ya sani, ba da abin da aka ɓoye masa ba. Kuma akwai abin da ya ƙara ɓata mini rai a abin da ya biyo baya. Da ya dawo hannu rabbana, Zhuge Liang ya tambaye shi ko Cao Cao bai bi ta can ba, sai ya ce ya bi, amma shi ne ya kasa har ya kuɓuce masa. Bai ce na sake shi ba. Sai da Zhuge Liang ya faɗi gaskiyar da bakinsa ya sa a fita da shi a kashe, sannan Liu Bei ya roƙa, yana tuna rantsuwar 'yan'uwantaka da su uku, shi da Guan Yu da Zhang Fei, suka yi a lambu cewa za su mutu rana ɗaya. Wanda ya sa ransa a jingina alhali ya san yayansa ba zai bari a karɓa ba, jinginar tasa ba ta da nauyin da ake ba ta.

Malama Hadiza:

Na jinkirta shiga ne don ina so in kawo abin da littafin tarihi ya ce, domin ina ganin zai canja yadda ake kallon tambayar. Sanguo Yanyi ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi, bugunsa mafi daɗewa da ake da shi na shekarar 1522 ne, kuma malamin nan na ƙarni na 18, Zhang Xuecheng, ya ce kashi bakwai nasa gaskiya ne, uku ƙage. Tushensa shi ne Sanguozhi na Chen Shou, wanda ya rasu a 297, tare da ƙarin bayanan da Pei Songzhi ya kammala a 429. A can, zaman Guan Yu a hannun Cao Cao gaskiya ne, kashe Yan Liang a tsakiyar runduna gaskiya ne, kulle kyaututtuka da barin wasiƙa gaskiya ne, har da maganar Cao Cao cewa kowa ubangidansa yake yi wa aiki, kada a bi shi. Amma mashigai biyar da shugabanni shida babu su, kuma haɗuwar Huarong babu ita. Abin da aka rubuta shi ne Cao Cao ya bi ta Huarong cikin taɓo da iska, ya sa raunanan sojojinsa suka ɗebo ciyawa suka cike hanya, dawakai suka tattake da yawa daga cikinsu, ya fita yana cewa Liu Bei tsaransa ne amma tunaninsa yana zuwa a makare, da ya sa wuta da wuri da babu wanda zai tsira. Guan Yu ba ya wurin.

To tun da tarihi ya tilasta Cao Cao ya rayu har 220, dole mai labari ya samo hanyar da zai kuɓuta. Abin lura shi ne hanyar da ya zaɓa. A wani tsohon littafin masu ba da labari da aka buga tsakanin 1321 da 1323, Guan Yu ya tare hanyar, sai ƙura da hazo suka taso Cao Cao ya ɓalle, wato babu zaɓi a ciki, sa'a ce kawai. Marubucin Sanguo Yanyi ya cire hazon ya sa zuciyar Guan Yu a madadinsa. Da yana son ya wanke jaruminsa tas, da ya bar hazon. Shi ne kuma ya ƙaga takardar sa hannu, shi ne ya ƙaga mashigai biyar, wato da hannunsa ya ƙara wa kowane ɓangare na sikelin nauyi. Mutanen Sin suna da kalmomi biyu a nan, zhong, biyayya ga ubangida da ƙasa, da yi, wadda ta haɗa halacci da tsayawa a kan abin da ya dace tsakanin mutum da mutum. Yawanci tare ake ambatonsu kamar tagwaye. Babi na 50 shi ne wurin da marubucin ya raba su da gangan ya sa jaruminsa a tsakiya, gaba kura baya sayaki. Saboda haka ina ganin Malam Garba da Hajiya kowannensu ya riƙe rabin abin da aka rubuta, kuma ban yarda marubucin ya yi nufin mai karatu ya fita da zuciya a kwance ba.

Na ƙara da cewa mu a nan a matsayin mutumin cikin labari da tarihi muke tattauna shi. Ɗaukakar da aka yi masa daga baya a ƙasar Sin, har aka gina masa wuraren bauta kamar na garinsu Xiezhou a lardin Shanxi, wani babi ne dabam na al'adarsu.

Alhaji Isiyaku:

Malama, na amfana da wannan ƙwarai, amma ina ganin marubucin bai tsaya tsakiya kamar yadda kike cewa ba, kuma hujjata tana babi na 76. A Huarong, amsar farko da Guan Yu ya ba Cao Cao ita ce ba zai bar abin da ke tsakaninsu ya rushe aikin ƙasa ba. Ya faɗa, bai cika ba. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 219, Guan Yu ya kewaye Fancheng, ambaliyar kogin Han ta cinye rundunoni bakwai na Yu Jin, barden Cao Cao, har Cao Cao ya yi tunanin sauya wa sarki mazauni. Sai aka turo Xu Huang, tsohon abokin Guan Yu tun zamansa a wurin Cao Cao. Suka tsaya a kan dawakai suka gaisa, Xu Huang ya yi maganar furfurar da ta fito wa abokinsa a gemu, sannan ya juya ya ce wa dakarunsa duk wanda ya kawo kan Guan Yu yana da zinariya dubu. Guan Yu ya razana ya tambaye shi me ya kawo wannan magana, Xu Huang ya ce yau aikin ƙasa ne, ba zai bar abin da ke tsakaninsu ya rushe shi ba. Kalmomin da Guan Yu ya furta a Huarong su ne aka dawo masa da su, daga bakin wanda ya cika su, a lokacin da hannunsa na dama bai gama warkewa daga dafin kibiya ba. Marubucin da ya maimaita jimla ɗaya a wurare biyu irin waɗannan ya san abin da yake yi. Xu Huang ya karya ƙawanyar, Lü Meng na ɓangaren Sun Quan ya shigo ta baya da sojoji cikin shigar fatake ya karɓe Jiangling, Guan Yu ya fake a Maicheng, yana guduwa daga can aka kama shi da ɗansa Guan Ping aka kashe. Rundunar da ya buɗe wa hanya a 208 ita ce ta karya shi a 219.

Hajiya Rabi:

Alhaji, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban taɓa haɗa wuraren biyu ba sai yau. Amma ka tambayi kanka wane ne mai karatu yake ƙauna a babi na 76. Xu Huang ya yi daidai a ƙa'idar soja, babu mai zarginsa, sai dai babu wanda ya rufe littafin yana fatan ya zama Xu Huang. Kuma yanayin biyu ba ɗaya ba ne. Xu Huang ya fuskanci mayaƙi mai runduna da makami a hannu. Guan Yu ya fuskanci mutanen da suka sauko daga dawakai suka durƙusa cikin taɓo suna kuka. A karanta wurin da kyau, domin sakin kashi biyu ne. Da Cao Cao ya wuce, Guan Yu ya juyo ya daka tsawa kamar zai afka wa sauran, sai suka zube ƙasa, yana cikin wannan hali Zhang Liao ya iso, mutumin da Guan Yu ya taɓa durƙusawa ya roƙa wa rai, wanda kuma shi ne ya shiga tsakani a Xiapi. Sai ya yi dogon numfashi ya sake su duka. Waɗannan ƙananan sojoji ba su taɓa ba shi doki ko zinariya ba. Abin da ya hana shi kashe su tausayi ne, irin wanda ya sa a babi na 53 ya ƙi sare Huang Zhong lokacin da dokinsa ya yi tuntuɓe ya kayar da shi.

Labarin da Cao Cao ya tuna masa ma a kan wannan yake. Wani maharbi na zamanin da, Yugong Zhisi, an tura shi ya kamo Zizhuo Ruzi, ya iske shi ba shi da lafiya ba ya iya ɗaga baka, ga shi kuma malamin malaminsa ne a harbi. Sai ya cire kan kibansa, ya harba huɗu, ya juya. Guan Yu mutum ne mai karatun tsoffin littattafai, ya san ana yabon wannan maharbi.

Game da maganar Malam Garba cewa ya ce na kasa, ni ban ɗauke ta ƙarya ba. Kalmar farko da ya furta da ya shigo ita ce ya zo ne a kashe shi. Mai neman kuɓuta ba ya fara magana da haka. Kuma kasawa ya yi da gaske, hannunsa ne ya kasa ɗaguwa. Faɗuwarsa a 219 kuwa, Chen Shou da kansa taurin kai da girman kai ya ɗora wa laifin, domin Guan Yu ne ya zagi manzon Sun Quan da ya zo neman auren 'yarsa, ya kuma raina Mi Fang da ke tsare masa baya. A jimla guda kuma ya yabe shi a kan sakayyar da ya yi wa Cao Cao.

Malam Garba:

Hajiya, na karɓi abu biyu daga gare ki. Bashin mashigai biyar bashi ne na gaske a cikin labarin, ban ba shi haƙƙinsa ba da farko. Kuma sakin ƙananan sojojin da suka durƙusa ba na kiransa cin amana, da ni ne ma ba zan so a taɓa su ba. Amma tsakanin kashewa da saki akwai hanya ta uku da babu wanda ya ambata, wato kamu. Cao Cao bai kashe Guan Yu a Xiapi ba, kuma bai sake shi nan take ba, kama shi ya yi ya girmama shi. Sakayya daidai da daidai ita ce Guan Yu ya kama shi, ya kai shi gaban Liu Bei cikin mutunci, ya tsaya ya roƙa masa rai kamar yadda ya taɓa roƙa wa Zhang Liao, ya ce in za a kashe shi a haɗa da ni. Da ya yi haka, da ransa ya biya, wanda nasa ne. Maharbin da kika ambata ma ya ce aikin sarkinsa ne ba zai yi watsi da shi ba, shi ya sa ya harba kiban ko da babu kai, kuma wanda ya bari ya tafi mutum ɗaya ne marar lafiya, ba wazirin da ya riƙe rabin ƙasa ba. A kan Cao Cao kansa ina nan a kan bakana.

Malama Hadiza:

Malam, hanyar kamu da ka kawo tana da matsala ɗaya da Guan Yu ya sani sarai. Liu Bei yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar sirri ta kawar da Cao Cao bisa wasiƙar da sarkin Han ya ɓoye a cikin ɗamara, kuma ga Sun Quan da shugaban rundunarsa Zhou Yu da suka ɗauki mafi yawan nauyin yaƙin suna jira. Miƙa Cao Cao a wannan sansani daidai yake da yanka shi da hannun wani, roƙon Guan Yu ba zai hana ba. Shi ya sa nake ganin zaɓi biyu ne kawai a gabansa, ba uku ba.

Akwai kuma haɗuwarsu ta ƙarshe a babi na 77, wadda ta shafi abin da Alhaji ya ce game da maimaita jimla. Sun Quan ya aika wa Cao Cao kan Guan Yu a Luoyang don fushin Liu Bei ya koma arewa. Sima Yi, mai ba Cao Cao shawara, ya gane dabarar, ya ba da shawara a sassaƙa gangar jiki da itace mai ƙamshi a binne shi da girma, don fushin ya koma inda ya fito. Binnewar da girma tana cikin tarihi, kabarin yana nan a Guanlin kusa da Luoyang. Da Cao Cao ya buɗe akwatin, gaisuwar da ya yi wa kan ita ce wadda ya yi masa a Huarong lokacin da yake roƙon ransa, yana tambayar ko yana lafiya tun rabuwarsu, amma wannan karon da dariya ya yi ta. Littafin ya ce bakin ya buɗe, idanun suka motsa, gemun ya miƙe, Cao Cao ya faɗi a some. Hajiya za ta iya karanta jana'izar a matsayin sakayyar Huarong, Malam Garba kuma zai iya nuna dariyar da shawarar Sima Yi. Ni dariyar ce ta fi tsaya mini, kuma ina so in ji yadda Hajiya ta fahimce ta.

Hajiya Rabi:

Malama, dariyar ta yi mini ciwo ni ma, ba zan ɓoye ba, kuma ba na kare Cao Cao a kanta. Amma halaccin da nake magana a kai na Guan Yu ne, bai dogara da ko wanda aka yi wa ya cancanta ba. Duk da haka a duba abin da ya biyo bayan suman. Shawarar Sima Yi ita ce a binne shi da girman babban bafada. Cao Cao ya sa aka yi masa jana'iza irin ta sarakuna a ƙofar kudu ta Luoyang, ya umarci manya da ƙananan ma'aikata su raka gawar, ya je da kansa ya rusuna, ya kuma ƙara masa sarautar sarkin Jing bayan mutuwa. Littafin ya ce tsoro ne ya kama shi, kuma daga ranar duk lokacin da ya rufe ido da dare Guan Yu yake gani, har ciwon kan da ya kwantar da shi ya taso a babi na gaba. Malam Garba, maganarka ta kamu kuwa, zan koma babi na 19 da na 20 in sake duba yadda aka yi da Lü Bu da Zhang Liao bayan an kama su, domin a can ne aka ga abin da roƙo yake iya yi wa kamamme da abin da ba ya iyawa, kuma Liu Bei ne da bakinsa ya ba da shawarar da ta sa aka kashe Lü Bu.